Kunnen Giwa a Cikin Akwati: Matsalar Ɗaura Babban Masanyayi a Kwamfuta

Sanin kowa ne cewa duk jikin da ke aiki yakan fitar da zafi, kuma in zafin bai sami mafita ba, jikin ne zai cutu. Ɗan Adam yana gumi, kare yana haki, giwa kuwa tana kaɗa faffaɗan kunnuwanta domin jinin da ke ratsa su ya huce. Haka lamarin yake ga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta. Furosesar Pentium ta shekarar 1993 tana cin wuta kimanin wat 15 ne, amma Core i9-13900K ta 2022 takan kai wat 253, kuma kusan duk wannan wuta zafi take komawa, a kan fili ɗan ƙarami da bai kai tafin hannun jariri ba.

Saboda haka ake ɗora mata masanyayi. Gindinsa na jan ƙarfe ne, daga nan bututai suka tashi sama suka ratsa siraran fallayen alminiyam masu yawa. A cikin kowane bututu akwai ɗan ruwa da aka rufe bayan an zuƙe iska. Ruwan yakan tururo a wajen gindi, ya hau sama ya huce, sannan ya komo. Dabarar gumi ke nan, domin giram ɗaya na ruwa yakan kwashe fiye da jul 2,000 na zafi yayin da ya zama tururi. Fallayen kuwa su ne kunnuwan giwa: gwargwadon faɗinsu, gwargwadon zafin da fanka za ta kore.

To, a nan gizo ke saƙa. Girman da ke ƙara wa masanyayi ƙarfi shi ne ke hana shi zama lafiya a kan uwar allo, babban faifan da sauran sassa ke kafe a kansa. Mu ɗauki NH-D15, wanda kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya ya fitar a 2014. Tsayinsa milimita 165 ne, nauyinsa ya haura kilo 1.

Matsala ta farko ita ce ramukan ɗauri. Mazaunin furosesa na Intel mai suna LGA1200 yana da ramuka huɗu masu tazarar milimita 75. Da LGA1700 ya fito a 2021, tazarar ta koma milimita 78, furosesar kuma ta ɗan yi ƙasa. Milimita 3 kaɗai suka sa tsofaffin maɗaurai suka daina aiki, sai da aka ƙera sababbi. Shi kuwa AM5 na kamfanin AMD, na 2022, ya riƙe ramukan AM4, amma farantin bayansa ba na cirewa ba ne, don haka masanyayin da ke zuwa da nasa farantin ya rasa wurin zama.

Ta biyu, sandunan ma'adana, wato RAM, suna tsaye dab da furosesa. Fankar gaba ta NH-D15 ta bar musu milimita 32 kawai, alhali wasu sandunan masu ado sun fi milimita 40. In an ɗaga fankar sama, tsayin masanyayin ya ƙaru, murfin akwati ya ƙi rufuwa. Ta uku, faɗinsa na iya rufe gurbin farko na katin hoto. Wannan ya sa kamfanin ya fitar da NH-D15S a 2015, wanda aka karkatar da jikinsa gefe.

Haɗarin yana ga mai tilastawa. Wanda ya matse sukuru fiye da kima zai iya lanƙwasa uwar allo ko ya lalata siraran alluran mazauni. Wanda ya bar gindin bai kwanta daidai ba, iska za ta shiga tsakani, ita kuwa iska ba ta ɗaukar zafi da kyau. Furosesar takan kai wajen digiri 95 zuwa 100, sai ta rage gudu da kanta don ta tsira. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri, inda zafin bazara ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fallaye, ƙaramin kuskure ma yakan bayyana nan da nan.

Shawara ga malamai da ɗaliban da ke kula da ɗakin kwamfuta: kafin a biya kuɗi, a tabbatar da sunan mazaunin, a auna tsayin sandunan ma'adana, a auna zurfin akwati, sannan a duba jerin allunan da maƙeri ya ce sun dace. Wajen ɗauri, a shafa man ɗaukar zafi kaɗan, a murɗa sukurori sannu a hankali, na wannan kusurwa sannan na kishiyarta. Masanyayi matsakaici da ya zauna daram ya fi ƙato da aka cusa da ƙarfi.