Zuwa Da Kai Ya Fi Saƙo: Yadda Na Sa Aka Ƙera Min 'Yar Wuƙa

Yau ba zancen kwalliya ko girki na zo mana da shi ba, zancen wuƙa ne. Na san wata za ta riƙe haɓa ta ce, oh ni 'yasu, me kuma ya haɗa marubuciyar soyayya da wuƙa? To yi haƙuri ki ji.

Ranar sunan ɗiyar Yayata ne, gida ya cika maƙil da dangin miji, aka ajiye min kwandon albasa da kabeji aka ce in yanka. Na ɗauko wata wuƙa mai ƙyalli daga cikin saitin da aka jera mata a kicin, irin mai ƙotar robar nan. Ban yi rabin kwando ba sai ji na yi ɓaras, ƙota ta rabu biyu, ƙarfen ya zame ya ratsa min tafin hannu. Har yau tabon yana nan. Ana ta sannu ana neman tsumma, sai Kakarmu ta kwance bakin zaninta ta zaro wata 'yar wuƙa cikin jan kube, baƙa wuluk, duk washi ya cinye ta ta zama siririya. Ta zauna ta gama da kwandon nan tas kafin a gama ɗaure min hannu. Da na tambaye ta inda ta saya sai ta yi dariya ta ce, "Ke tafi can, wannan ai ba ta saye ba ce. Tun ina amarya Kakanku ya sa aka ƙera min, sai da ya auna hannuna da zare." Wallahi maganar nan ta tsaya min a rai fiye da yankan. Mu da muke ta cika littafi da zobe da agogo, ashe ga wata kyautar da ta yi shekara da shekaru tana aiki.

Da hannuna ya warke sai na yi kuskuren farko. Na ba ƙanena kuɗi na ce ya je maƙera a ƙera min wuƙa, ban ƙara da komai ba. Bayan kwana uku sai ga shi da wata zabgegiya irin ta mahauta, wadda ko a jakar makaranta ba za ta shiga ba. Laifin ba na maƙeri ba ne, abin da aka faɗa masa ya yi. Shi ne fa na roƙi Yayana ya raka ni da kaina.

Abu na farko da ya kamata ki sani, maƙera iri biyu ne. Akwai maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, su ne na zobe da awarwaro. Akwai kuma maƙeran baƙi masu fartanya da lauje da gatari, to wajensu za ki. Mu nan Kano sana'ar tsohuwa ce ƙwarai, domin tarihi ya nuna maƙera ne daga Gaya suka zo gindin Dala neman tama, kuma kasuwar Kurmi da ake sayar da kayansu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Yanzu dai an bar narka tama, tsofaffin ƙarafa ake saye wajen 'yan gwangwan.

A nan ne maganar take. Dattijon da muka samu yana zaune gaban uwar maƙera, jikansa na masa zuga, tambayarsa ta farko ita ce, "'Yata, me za ki riƙa yi da ita?" Na ce, "Baba, fere lemo da mangwaro da rake, da yankan kuɓewa, sai in na yi tafiya in sa a jaka." Ya ce to ƙarfen kada ya wuce inci uku zuwa huɗu, wato kamar tsawon ɗan yatsana na tsakiya da ɗan ɗori. Ya sa na dunƙule hannu a kan wani kara ya yi alama da gawayi, ya ce wannan shi ne tsawon ƙota. Ya zana siffar a ƙasa, na ce a rage tsinin, ya share ya sake. Ni dai shawarata, ki zana abarki a takarda tun daga gida ki yanke da almakashi ki riƙe ki ji, don abin da ido ya gani ya fi wanda baki ya kwatanta.

Sai maganar irin ƙarfe, wadda yawancinmu ba mu san a tambaya ba. Ki ce da sifirin mota kike so, ko da tsohon magagari. Waɗannan su ne suke ɗaukar tauri su riƙe kaifi. Rodin gini kuwa da guntun langa-langa sun fi sauƙin bugu, shi ya sa wuƙarsu take araha, amma ko an wasa ta da safe kafin la'asar ta dakushe. Ai dama araha ba ta ado.

Na zauna na ga yadda ake yi, ƙauri da zafi duk ban damu ba. Da gawayin ƙirya yake aiki, don ya fi kowanne zafi da daɗewa. Ya sa ƙarfen a wuta har ya yi jajir, ya ciro da awartaki ya yi ta bugu da masaba, ya mayar, ya sake cirowa, har siffa ta fito. Daga nan ya goge da magagari. Amma inda ake gane gwani shi ne ƙarshe. Zai sake gasa shi ya yi ja sannan ya tsoma cikin mai ko ruwa farat ɗaya, nan take ƙarfen ya yi tauri. Sai dai in aka bar shi haka ya zama kamar tangaran, yana faɗuwa zai iya karyewa. Don haka sai a sake ɗumama shi a hankali har bakin ya yi launin busasshen kara, a bar shi ya huce. Mai gaggawa shi ne yake tsallake wannan, ki ga wuƙa sabuwa fil bakinta ya ɓantare a kan ƙashin kaza. Kada ki ji kunyar tambaya ko an yi mata hakan, maƙerin kirki daɗi zai ji.

Ƙota kuwa, tunda ita ta yanke ni, a kanta na fi kafewa. Yawanci ana gasa wutsiyar ƙarfen ne a cusa cikin icce, to in wutsiyar gajera ce wata rana sai ta fice. Na ce ni dai a bar wutsiyar da faɗi ta kai har ƙarshen ƙota, a haɗa ta da icce biyu a dashe da ƙusa. Ya ce wannan ya fi cin aiki kuma kuɗin zai ƙaru, na ce na ji na gani. Iccen marke ko ƙirya ake so, wasu kuma ƙaho suke sa wa. Kuma a bar ɗan tudu tsakanin ƙota da kaifi yadda yatsa ba zai zame ba ko da hannu da maiƙo.

Kube ba aikin maƙeri ba ne, na dukawa ne. Sai an gama wuƙar za ki kai a ɗinka a jikinta, kada ki sayi na tebur ki ce zai yi. Ki kifa shi ki girgiza, in wuƙar ta faɗo to bai yi ba. Nawa na jar fatar akuya ne, na sa an yi masa tauri daga ciki saboda kada tsini ya huda ya yaga min jaka.

Ranar karɓa ki tafi da tumatir nunanne, in ta ratsa shi ba tare da ta matse ruwan ba to ta yi. Kuma ki sani wannan ƙarfen ba irin mai ƙyallin kanti ba ne, zai yi baƙi in ya sha lemon tsami da albasa, ba lalacewa ba ce. Tsatsa ce abokiyar gaba. Ki wanke, ki goge ta bushe ƙarau, ki shafa ɗigon man gyaɗa, kada ki taɓa mayar da ita kube da danshi.

Saura wata magana mai nauyi. Da, ba abin mamaki ba ne a ga dattijo da wuƙar damtse, ko a ga an ajiye wa mai jego wuƙa a gefen jariri saboda camfi. Yanzu zamani ya juya. Saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya, yaro matashi in 'yan sanda suka same shi da wuƙa a ƙugu, ko ta fere rake ce, sai an sha wahala kafin a fahimce shi. Shi ya sa ni tawa ban yarda ƙanena ya fita da ita ba ko nan da bakin layi, ya yi fushi ya gaji. Ke ma kada ki ba ɗanki ya kai saƙonta, kada ki shiga da ita makaranta ko gidan biki, in kuma jirgi za ki hau sai dai a babbar jaka, ba ta hannu ba. A gida ma a sama ake rataye ta inda hannun yara ba ya kai.

Da na kai wa Kaka tawa ta gani, ta jujjuya ta, ta gwada kaifin da babban yatsa, ta ce ba laifi, amma ƙotar ta yi mata kauri. Na ce ai da hannuna aka auna, ba da nata ba.