Inabin Nashik: Tallafin Da Ya Riƙe Manomi Da Wanda Ya Bar Shi A Rana

Daga watan Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da gonakin inabin Turai ke tsaye cikin sanyi ko ganye babu, manyan kantunan Holan da Jamus da Ingila ba sa rasa ɗanyen inabi. Wani kaso mai tsoka nasa daga jihar Maharashtra ta Indiya yake fitowa, musamman gundumar Nashik da ke bakin kogin Godavari, kimanin kilomita 170 arewa maso gabas da Mumbai. A gundumar ne kuma Lasalgaon take, babbar kasuwar albasar da ke yanke wa Indiya farashi. Indiya na noma inabi sama da tan miliyan 3 a shekara, mafi yawansa a wannan jiha, kuma a 'yan shekarun nan tana fitar da tan 250,000 ko fiye zuwa ƙetare. Masu wannan aiki galibinsu ƙananan manoma ne masu 'yan ekoki. Yadda mai eka uku ya kai ga sayar wa kantin da ke Rotadam kaya, shi ne abin da ya kamata a tsaya a duba, domin ba ƙoƙarinsa shi kaɗai ba ne.

Inabi shuka ce ta ƙasashen da ke da hunturu mai sanyi, inda kuranga ke zubar da ganye ta yi barci, sannan ta farka ta yi fure. A ƙasa mai zafi ba ta samun wannan hutu, sai ta yi ta toho ba 'ya'ya. Manoman Maharashtra sun shawo kan matsalar da datse rassa sau biyu a shekara. A watan Afrilu, bayan an gama ɗiba, sai a yi wa kuranga aski har kusa da gindin reshe domin ta fitar da sababbin rassa, su ƙosa cikin damina. A watan Oktoba a sake datsa, a shafa wa idanun rassan magani don su tsiro tare, kuma daga wannan toho ne 'ya'ya ke fitowa. Daga nan aikin hannu ne zalla. Ma'aikaci zai bi kuranga ɗaya bayan ɗaya riƙe da ɗan kofi, yana tsoma kowane nonon inabi cikin ruwan sinadarin jibarelik don ƙwayoyin su yi tsawo su cika. Wata kuma na biye da ɗan almakashi tana rage ƙwayoyin da suka cushe, don kada su matse juna su fashe. Idan ɗiba ta matso, sai a naɗe kowane nono da takarda saboda kada rana ta ƙona shi, domin mai saye a Turai kore shar yake so. Kuskuren mako guda a kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai na iya cinye wahalar shekara.

Sana'a mai irin wannan tsarabe-tsarabe ba a koyonta a ɓoye, kuma manoman sun gane haka da wuri. A 1960 suka kafa ƙungiyar masu noman inabi ta jiha, mai hedikwata a Pune. Tana shirya tarukan ƙara wa juna sani kafin lokacin datsa, tana da ɗakunan gwajin ƙasa da ruwa da ganye, tana kuma sayo sinadarai da yawa ta sayar wa 'ya'yanta da sauƙi. Abin da ya fi burge ni a tarihinta shi ne ilimin bai zama mai gangarowa daga ofis kawai ba. Irin da ake kira Thompson Seedless baƙo ne, amma 'ya'yansa da suka fi karɓuwa a jihar, irin su Tas-A-Ganesh da Sonaka da Manik Chaman, manoma ne suka tsinto su a gonakinsu. Mutum ya lura wata kuranga ta bambanta da 'yan'uwanta, ya ware ta, ya yaɗa, maƙwabta suka karɓa. Haka kuma da gishirin ƙasa da ƙarancin ruwa suka fara kashe gonaki, sai aka koma yi wa inabi aure a kan saiwar wani iri mai juriya da ake kira Dogridge, kamar yadda ake yi wa mangwaro a wajenmu. Gwamnatin tarayya ta zo ta tarar da wannan yunƙuri ne, ta kafa cibiyar binciken inabi ta ƙasa a Pune a 1997.

Fitar da kaya waje kuwa wani karatu ne daban. A 1991 ƙungiyoyin gama kai 16 suka haɗu suka kafa Mahagrapes da goyon bayan hukumomin jiha da na tarayya. Farkon lamarin bai yi daɗi ba, an yi ta dawo musu da kaya ko a saya da wulaƙantaccen farashi, saboda inabi kayan gwari ne da ba ya jira. Sai da suka koyi cewa a yanke shi da sanyin safiya, a kai shi rumfar tantancewa, a zare masa zafin gona cikin 'yan sa'o'i, a ajiye shi a sanyi dab da daskarewa, a sa masa takarda mai hana fumfuna a cikin kwali, sannan kada sanyin nan ya yanke tun daga ƙauye har tashar jiragen ruwa ta Nhava Sheva, har ƙarshen tafiyar kusan mako uku a teku. Babu ƙaramin manomin da zai iya gina ɗakin sanyi shi kaɗai. Kuɗin hukuma ya shiga nan, ya gina wa ƙungiyoyin ɗakunan a kusa da gonaki, kuma a ganina da wuya a sami inda kuɗin tallafi ya fi yin amfani.

Sai maganar maganin feshi. Turawa na auna burbushin magani a jikin 'ya'yan itace da ma'auni mai tsauri. Hukumar APEDA mai kula da fitar da kayan gona ta shimfiɗa tsarin sa ido, daga baya ta ɗora shi a intanet da sunan GrapeNet. Duk gonar da ke son fitar da inabi zuwa Turai sai an yi mata rajista an ba ta lamba. Manomi zai rubuta abin da ya fesa da ranar da ya fesa. Kafin ɗiba, ɗakin gwajin da aka amince da shi zai turo mutum ya ɗebi samfuri a gonar, in ya tsallake sannan a ba da takardar inganci da ta lafiyar tsiro. Da lambar da ke jikin kwali ana iya bin sawun inabin har gonar da ya fito.

Duk da haka a 2010 aka sha kashi. Ɗakunan gwaji a Turai suka gano sinadarin kilomikwat, wanda manoma ke fesawa don rage wa rassa gudun tsiro, ya haura miligiram 0.05 a kilo guda da dokarsu ta yarda. Hukumar lafiyar abinci ta Turai ta ce adadin ba abin tayar da hankali ba ne muddin bai wuce wani mizani ba, amma masu saye da yawa suka juya baya, kwantenoni suka yi ta zama a tasha har kayan suka lalace. Manoma da 'yan kasuwa suka tafka asara. Cikin waɗanda abin ya shafa har da wani injiniyan aikin gona ɗan ƙauye mai suna Vilas Shinde. A ƙarshen wannan shekara ya jagoranci kafa Sahyadri, kamfanin da manoma ne masu hannun jarinsa, bisa wata dokar 2002 da ta ba manoma damar kafa kamfani nasu maimakon tsohon salon gama kai da 'yan siyasa suka saba yi wa katsalandan. Daga ƙauyen Mohadi, Sahyadri ya girma har ya zama kan gaba wajen fitar da inabin Indiya, da ɗakunan gwaji da na sanyi nasa, da masana masu zagaya gonaki, da na'urorin auna yanayi da ke gaya wa manomi ranar da cuta ke tafe don kada ya yi feshi a banza. Ya kuma sayi izinin noma sababbin irin inabi daga ƙetare, abin da manomi ɗaya ba zai ko yi mafarkinsa ba.

Akwai wani tallafin na daban da jihar ta yi, na sarrafa inabi ya zama giya, kuma labarinsa bai yi kama da wannan ba. Ga mai karatu Musulmi hukuncin giya a bayyane yake, ba kuma shi ne abin tattaunawa a nan ba. Abin dubawa shi ne yadda manomi ya ƙare. A 1999 Rajeev Samant ya kafa masana'antar giyar inabi ta Sula a Nashik. A 2001 gwamnatin Maharashtra ta fito da manufar sarrafa inabi, ta yafe wa masu wannan sana'a harajin kaya na shekara goma, ta sauƙaƙa lasisi, ta ware musu filayen masana'antu a Vinchur da Palus. Hujjarta ita ce manomi zai sami wata kasuwar. Masana'antu suka yi ta tsirowa, da yawansu manoma ne suka ci bashin banki suka gina. Wasu manoman kuma suka tumɓuke inabin ci suka dasa na matsa bisa alkawarin za a saya.

Da tattalin arzikin duniya ya girgiza a 2008, ga kuma harin da aka kai Mumbai a watan Nuwamban shekarar ya kori baƙi daga otal-otal, sai ciniki ya tsaya. Tankuna suka cika ba mai saye, masana'antu suka daina karɓar kaya, wasu suka kasa biyan wanda suka riga suka karɓa. Inabin matsa ƙananan ƙwayoyi ne masu kaurin fata da iri a ciki, ba mai sayensa a kasuwa ya kai wa iyali. Manomin da ya dasa shi ya wayi gari da amfanin da mutum ɗaya tak ke iya saya, shi kuwa ya ce ba ya so. Da yawa suka sake tumɓukewa, alhali sabuwar kuranga sai ta yi shekara biyu zuwa uku kafin ta ba da abin kirki. Gwamnati ta ƙara da mayar wa masana'antun kaso mafi yawa na harajin ciniki, manyan suka farfaɗo, har Sula ta shiga kasuwar hannun jari a 2022. Amma har yau abin da ake matsawa ɗan ƙanƙanen kaso ne na inabin Indiya. Tallafin ya gina 'yan kamfanoni da wuraren yawon buɗe ido, ban ga ya canja rayuwar yawancin manoma ba.

Abin da ya fi zame wa manomi mafita idan kasuwa ta faɗi shi ne zabibi, wanda ba a cika yi masa biki ba. A Sangli da Solapur ana tsoma inabi cikin ruwan wani mai da sinadari mai kama da kanwa don fatarsa ta saki ruwa da wuri, a baza shi a kan raga hawa-hawa a cikin inuwa na kimanin mako biyu. Kilo huɗu na ɗanye kan ba da kusan kilo ɗaya na busasshe. Manomi ya kai ɗakin sanyi ya ajiye, ya jira farashi a kasuwar gwanjon Tasgaon. Wanda ke iya ajiye kayansa wata shida ba ya durƙusa wa dillali.

Ba wai komai ya daidaita a Nashik ba. Ruwan sama na bazata da ƙanƙara a tsakiyar kaka na yawan lalata gonaki, rumfar ledar da ke kare kuranga kuwa ta fi ƙarfin aljihun ƙaramin manomi. Rikicin Bahar Maliya a 2024 ya tilasta wa jirage zagayawa ta kudancin Afirka, kwanakin tafiya da kuɗin dako suka ƙaru. Sannan inabin da ke ƙetare teku kusan ɗaya ne cikin goma. Saura a gida ake sayarwa, inda har yanzu ake kuka da fataken da ke kwashe kaya bashi su yi layar zana. Ma'aikatan da ke tsoma nonna da rage ƙwayoyi, da yawansu 'yan ci-rani daga ƙauyukan duwatsu, su ne aka fi mantawa da su idan ana lissafin nasara, kuma wannan abin kunya ne ga sana'ar da ta tsayu a kan yatsunsu.

Wannan labari ya shafe mu kai-tsaye, domin a ƙaramar hukumar Kudan ta jihar Kaduna manoma sun nuna inabi na yi a ƙasarmu, kuma sanyin hunturunmu da bushewar iskarsa sun dace da lokacin nunarsa. Sai dai inabin da ke manyan kantunan Abuja da Legas galibi daga Afirka ta Kudu da Masar ake shigo da shi. Idan gwamnatin Kaduna da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ke maƙwabtaka da Kudan, na son taimakawa, kada a fara da alkawarin wata babbar masana'anta da za ta saye komai. A fara da tantance irin da ya dace da ƙasar, da ƙwararren malamin gona wanda ya san lokacin datsa, da ɗakin sanyi mai aiki da hasken rana a kusa da gonaki, da rumfunan shanya zabibi. Manoman kuma su yi wa ƙungiyarsu rajista tun yanzu, su riƙe ragamarta da kansu, kuma kada kowa ya dasa irin da mutum ɗaya ne kawai zai iya saya daga hannunsa.