Idan "ƙasa" ta koma akwati: Yadda ake gano matsalar mayar da takardu zuwa PDF a sabar aiki

Ƙungiyar da ke da ma'aikata a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa tana buƙatar wuri guda da kowa zai ga inda aiki ya tsaya. Ɗaya daga cikin manhajojin kyauta masu wannan hidima ita ce Redmine, wadda Jean-Philippe Lang ya fitar a shekarar 2006. Ana girka ta ne a kan saba, wato babbar kwamfutar da kowa ke shiga ta intanet, sannan a liƙa mata ƙananan manhajoji masu ƙara mata aiki. Daga cikinsu akwai masu mayar da takardar Word ko Excel zuwa PDF, domin a karanta ta ba sai an sauke ba.

Ranar da wannan ƙaramar manhaja ta cije, ofis duka ne ke tsayawa. Rahoton da ake jira ya ƙi buɗewa, ko kuma ya buɗe da ƙananan akwatuna a gurbin wasu haruffa.

Abin da ya kamata a fara sani shi ne, galibin irin waɗannan manhajoji ba su ne ke juya takardar da kansu ba. Suna miƙa ta ne ga wata manhajar, sau da yawa LibreOffice, wadda ke aiki a ɓoye ba tare da buɗe taga ba. Don haka mai kula da saba kan fara da karanta fayil ɗin production.log, inda Redmine ke rubuta kurakuranta, sannan ya gwada juya takardar da hannu da umarnin soffice --headless --convert-to pdf.

Idan umarnin ya yi aiki a hannunsa amma ya ƙi ta cikin Redmine, to mafi yawan lokuta matsalar izini ce. Redmine na gudana ne da wani asusu na daban, kamar www-data a Debian da Ubuntu, kuma LibreOffice na buƙatar wurin da zai rubuta bayanan saitinsa. In asusun ba shi da izinin rubutu a wurin, aikin zai mutu shiru. Haka nan idan mutum biyu suka nemi juya takarda a lokaci guda da saiti ɗaya, na biyun kan gaza. Wani dalilin kuma shi ne sabunta Redmine ba tare da duba ko ƙaramar manhajar ta dace da sabon zubin ba.

Sai dai matsalar da ta fi shafar masu rubutu da Hausa ita ce wadda ba ta bayyana a fayil ɗin kurakurai ko kaɗan: PDF ya fito, amma ƙ, ɗ, ɓ da ƴ sun ɓace. Waɗannan haruffa na cikin ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a shekarar 1999, kuma kowanne yana da lambarsa a tsarin Unicode. Kwamfutar wanda ya rubuta takardar tana da nau'in haruffan da ke ɗauke da su, amma sabar da aka girka da kaya kaɗan ba lalle ne tana da shi ba. In ta laluba ba ta samu ba, sai ta ajiye akwati.

Maganin ba ya cin ko dala. Ana girka nau'o'in haruffa na kyauta irin su DejaVu, Noto, ko Charis da Andika na ƙungiyar SIL, a sabunta jerinsu da umarnin fc-cache, a sake kunna Redmine. Idan kuma shafuka ne ke zamewa, teburi na tsallakawa, to Calibri da Cambria na Microsoft ne babu, kuma Carlito da Caladea na maye gurbinsu da faɗin haruffa iri ɗaya.

Tsofaffin takardu na da tasu larura. Waɗanda aka buga da nau'o'in haruffa na musamman, kafin Unicode ya yaɗu, sun ɗora ƙ ko ɗ a kan lambar wata alama dabam. Girka sabbin haruffa ba zai warkar da su ba, sai an sauya alamomin a cikin takardar kanta.

Hanya mafi hatsari ita ce wadda gajiya ke kai ma'aikata: su daina sa lanƙwasa baki ɗaya don PDF ya fito tsaf. A nan ne "ƙasa" ke zama "kasa", "baƙi" ya zama "baki", "ɗaki" ya zama "daki". A takardar wayar da kan manoma ko ta kiwon lafiya da za a karanta wa jama'a a ƙauye, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Shi ya sa yake da kyau mai kula da saba ya tanadi takardar gwaji mai layi guda, ɗauke da haruffan huɗu, manya da ƙanana, ya riƙa juya ta duk lokacin da ya taɓa wani abu a sabar, kafin ya sanar da abokan aiki cewa an gyara.