Ko Ka Sani? Akwai Dillali a Cikin Kwamfutarka, Wani Lokaci Kuma Yakan Ƙi Tashi

"Kawu, wallahi na kashe shi ya fi sau biyar, amma da na juya baya sai ya kunna kansa." Haka ɗan ƙanwata ya faɗa mini ranar da ya shigo da kwamfutarsa a hammata, ana saura kwana biyu a rufe rajistar kwas a makarantarsu. Wayarsa na shiga intanet lafiya lau. Ita kuwa kwamfutar, duk da layi ɗaya suke sha da wayar, kowane shafi ya nema sai allo ya yi fari, a rubuto masa da Turanci cewa an kasa samun firoksi. A gabana ya shiga wurin saiti, ya tura makunnin ya koma a kashe, ya adana, ya fita. Kafin a kawo mana ruwa mu sha, makunnin ya sake yin shuɗi.

Na ce masa, "Zauna, ɗana. Ruwa ba ya tsami banza. Makunni ba ya kunna kansa, akwai hannun da ke kunna shi, shi za mu nema."

Mene ne firoksi?

Duk wanda ya taɓa shiga kara ranar kasuwa ya san dillali. Mai saniya na tsaye can gefe, mai saye na nan, magana kuma ta bakin dillali take bi. Shi ke kai tayi, shi ke dawo da amsa, ya san abin da kowa ke so da abin da ke aljihunsa. Firoksi shi ne dillalin intanet. A ƙa'ida, idan ka rubuta sunan shafi, burauzarka kan tafi kai tsaye ta ƙwanƙwasa ƙofar wannan shafin. Idan kuwa an saita firoksi, sai ta miƙa saƙon ga wata na'ura ko wata manhaja da ke tsakani, ita ta je ta karɓo, ta kawo maka.

Asalin abin alheri ne. A cibiyar bincike ta CERN da ke kusa da Janiba a ƙasar Suwizalan, inda Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro tsarin shafukan yanar gizo, a nan ne a shekarar 1994 Ari Luotonen da Kevin Altis suka gabatar da maƙala kan yadda firoksi zai yi aiki. A lokacin layin intanet siriri ne kuma da tsada. Idan mutum ɗari a ma'aikata ɗaya na son shafi guda, dillali ya ɗebo shi sau ɗaya ya ajiye, kowa ya zo ya ba shi daga ajiyarsa. Ya kuma zama mai gadi, ta yadda kwamfutocin cikin gida ba sa cuɗanya da na waje kai tsaye. Har gobe bankuna da jami'o'i da manyan ofisoshi na amfani da shi wajen tace shafuka da tsare sirrin aiki.

A 1996 kamfanin Netscape ya ƙara wata dabara a burauzarsa: ɗan ƙaramin fayil da ake kira PAC, wanda ke ɗauke da umarni cewa shafi kaza a bi ta dillali, shafi kaza a tafi kai tsaye. Daga baya, wajajen 1999, aka zo da tsarin WPAD, wanda ke sa kwamfuta ta nemo wannan fayil da kanta ba tare da an gaya mata inda yake ba. Shi ya sa yau idan ka buɗe Settings a Windows 10 ko 11, ka shiga Network & Internet, ka danna Proxy, za ka tarar da makunni uku: na neman dillali da kanta, na bin rubutaccen umarni, da na sa adireshin dillali da hannu. Chrome da Edge duk wannan saitin suke bi. Firefox kuwa tana da nata wurin daban, shi ya sa wani lokaci za ka ga ita tana aiki sauran sun tsaya cik.

Wa ke mayar da makunnin?

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, makunnin da kake gani a allo fuska ce kawai. Ainihin saitin yana rubuce a wani babban kundi da Windows ke ajiyewa, wanda ake kira rajistiri. A ciki akwai layi mai suna ProxyEnable. Idan lambarsa 1 ce, dillali na aiki, idan 0 ce, an sallame shi. Kai idan ka tura makunni, 0 ka rubuta. To amma kusan kowace manhaja da ke gudana da sunanka tana da ikon zuwa ta goge, ta mayar da 1, cikin ƙiftawar ido, ba tare da ta nemi izininka ba. Masu yin haka kuwa iri uku ne.

Na farko hukuma ce. Kwamfutar ofis ko ta makaranta kan kasance ƙarƙashin doka da masu kula da na'urori suka shimfiɗa. Windows kan sake karanta wannan doka duk bayan kimanin minti 90, ta mayar da komai yadda aka umarce ta. Alamarta a bayyane take: makunnin kan dushe ya ƙi taɓuwa, ko ka ga rubutu a sama cewa ma'aikatarku ce ke iko da wasu saituna. Idan kwamfutar ta wurin aiki ce, kada ka yi kokawa da ita, je ka sami masu kula da ita. Sai dai a lura, kwamfutocin gwanjo da ake shigo mana da su, da yawansu daga ofisoshin ƙasashen waje suka fito, kuma idan ba a wanke su an sa sabon Windows ba, sukan zo da dokar tsohon gidansu, suna ta neman dillalin da ke wata nahiya.

Na biyu baƙon da ka gayyata da kanka. Wasu manhajojin VPN da na buɗe shafukan da aka toshe, da wasu na riga-kafin bairos, da firoksi suke aiki. Suna kunna shi idan sun tashi, su kashe idan an rufe su yadda ya dace. Lokacin da aka dakatar da Twitter a Najeriya, daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairun 2022, jama'a da dama sun sauke irin waɗannan manhajoji, wasu har yau suna nan kwance a na'urorinsu an manta da su. Idan aka ɗauke wuta ko batiri ya mutu manhajar na tsakiyar aiki, ba ta sami damar kwashe kayanta ba. Kwamfuta ta tashi, tana ta aika saƙo ga dillalin da ba ya nan. Idan kuma manhajar na cikin masu tashi tare da Windows, duk sanda ka kunna na'ura sai ta mayar da saitinta.

Na uku shi ne abin tsoro: ɓarawo. Manhajar cusa talla ko ta satar bayanai ba ta da wurin zama da ya fi kujerar dillali daɗi, domin duk abin da ka aika ta hannunta zai bi. Takan dasa wa kanta ɗan aiki da ke farkawa duk bayan 'yan mintuna ya duba makunnin, in ya tarar a kashe ya kunna.

Me ya sa abin ya wuce ciwon kai kawai?

Shafukan banki da na imel a kulle suke tafiya, shi ne ɗan kwaɗon da wasu burauzoji ke nunawa kusa da adireshi. Dillali na gari yana ganin sunan shafin da ka nufa, amma ba ya iya karanta abin da ke cikin ambulan. Mugun dillali kuwa yakan haɗa da wata dabara: ya saka takardar shaidarsa ta bogi cikin jerin waɗanda kwamfutarka ta amince da su. Daga nan zai buɗe ambulan, ya karanta, ya sake liƙewa, kwaɗo na nan a allo kamar ba abin da ya faru.

An ga wannan a zahiri. A watan Fabrairun 2015 aka gano cewa wasu kwamfutocin Lenovo sun fito daga masana'anta ɗauke da manhajar talla mai suna Superfish, wadda ke tsayawa tsakanin burauza da shafuka da takardar shaidarta. Cikin ɗan lokaci masana suka fasa kalmar sirrin da ke tsare takardar, wato kowane mai kutse zai iya amfani da ita. A 2017 kamfanin Lenovo ya amince ya biya dala miliyan 3.5 ga jihohi 32 na Amurka. Akwai kuma Retefe, wata manhajar sata da ta addabi masu ajiya a bankunan Suwizalan da Ostiriya da Suwidin da Japan. Aikinta shi ne ta sauya fayil ɗin PAC, ta yadda kowane shafi zai buɗe lafiya, amma da ka nufi bankinka sai a karkatar da kai zuwa shafin bogi mai kama da na gaske sak. Mutum ya rubuta lambobinsa da hannunsa, ya miƙa wa ɓarawo.

Yadda ake kama hannun

Kafin ka kashe komai, karanta adireshin da ke rubuce a akwatin firoksi, ka kwafe shi a takarda. Idan ka ga 127.0.0.1, wannan lamba ma'anarta "ni kaina". Wato dillalin ba a waje yake ba, yana cikin kwamfutarka. Lambar da ke biye da ita, kamar 8080 ko 8888, ita ce ƙofar da yake zaune a bakinta. Buɗe Command Prompt ka rubuta netstat -ano, ka nemo layin da ke ɗauke da lambar ƙofar. A ƙarshen layin akwai wata lamba. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka shiga Details ka nemo mai wannan lamba. Sunan da ka gani, shi ne mai ƙofar.

Idan VPN ce da ka sani, buɗe ta, ka katse ta da maɓallinta, sannan ka cire ta gaba ɗaya in ba ka bukatarta. Sau da yawa a nan magana ke ƙarewa.

Idan baƙon suna ne, riƙe Shift ka danna Restart, ka bi zaɓuɓɓukan da za su kai ka Safe Mode. A wannan yanayi Windows kan tashi da 'yan gida kawai, baƙi ba sa farkawa. Kashe makunnan uku ka jira. In sun zauna a kashe, ka tabbatar cewa mai laifin yana cikin masu tashi tare da na'ura. Duba jerin manhajojin da aka sa kwanan nan, da jerin Startup, da Task Scheduler inda ake ɓoye ayyuka masu farkawa a kan lokaci, da ƙarin kayan da ke maƙale a burauza. Bayan nan ka sa Microsoft Defender ya yi binciken da ake kira Offline scan, wanda ke sake tayar da kwamfuta ya bincike ta kafin ɓarawo ya farka. A ƙarshe, buɗe Command Prompt da ikon mai gida ka rubuta netsh winhttp reset proxy, domin Windows na da wani saitin firoksi na biyu da ayyukanta na ciki ke bi, wanda makunnin allo ba ya taɓawa.

Shi kuwa kundin rajistiri, a can ne ake gyara ProxyEnable, a goge ProxyServer da AutoConfigURL, a kuma duba wani layi mai suna ProxySettingsPerUser, wanda idan aka sa shi 0 yakan sa saitin na'ura gaba ɗaya ya danne naka. Amma wurin nan kamar akwatin wutar gida yake. Wanda bai saba ba ya kai wa mai gyara da ya amince da shi, wanda ya saba kuma ya ajiye kwafi kafin ya taɓa komai.

Mu dai a ranar, adireshin 127.0.0.1 muka gani. Muka bi lambar ƙofa har ta kai mu ga wani suna da yaron bai taɓa ji ba. Na tambaye shi abin da ya sa a kwamfutar cikin makon. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, wata manhajar sauke fina-finai ce abokina ya ba ni a filash, ya ce kyauta ce." A Task Scheduler muka tarar da ɗan aikinta, an saita shi ya riƙa farkawa duk minti biyar. Muka cire shi, muka cire uwarsa, muka yi bincike, makunni ya kwanta bai sake motsi ba. Kafin ya koma kan rajistarsa na sa shi ya ɗauki wayarsa ya sauya kalmar sirrin imel da ta banki, domin ba mu san abin da dillalin ya riga ya karanta ba. Da abin ya ƙi ci, da sai mu kwashe fayilolinsa mu sa sabon Windows, wanda shi ne magani na ƙarshe.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mafi yawan waɗannan dillalai mu ke buɗe musu ƙofa, ta hanyar manhajar da aka fasa, ko maɓallin "sauke nan" a shafin da ba mu sani ba, ko danna Next, Next ba tare da karanta abin da muke amincewa da shi ba. Don haka, mai karatu, yau ɗin nan ka buɗe saitin firoksi na kwamfutarka ka duba. Idan ka tarar da adireshin da ba kai ka sa ba, kuma ba wurin aikinka ne suka sa ba, kada ka shiga banki da wannan na'ura har sai ka gano wanda ya rubuta shi.