Gyaran Magana Bayan Shanyewar Ɓarin Jiki: Gurbin Masana Harshen Hausa

Idan hawan jini ya kayar da magidanci a Babura ko ƙauyukan Roni da Gwiwa, hankalin iyali kan tafi ga hannu da ƙafar da suka shanye, sai a shiga neman mai gashin ƙashi. Maganar da ta ɗauke kuwa akan bar ta, wai ta dawo da kanta, wani lokaci ma a danganta ta da taɓin hankali ko shafar iska. Alhali matsala ce sananniya da ake kira afeshiya, wato raunin sarrafa harshe sakamakon lahani a ƙwaƙwalwa, galibi a ɓangarenta na hagu. A 1861 likitan nan na Faransa, Paul Broca, ya bayyana majinyacin da ke fahimtar magana amma ya kasa furta ta. A 1874 kuma Carl Wernicke na Jamus ya bayyana akasin haka: magana na zuba, ma'ana ta ɓace.

Aikin mai gyaran magana shi ne ya tantance inda lahanin yake, ko a fahimta, ko a nemo kalma, ko a motsin gaɓoɓin furuci, sannan ya tsara atisaye. Yakan kuma duba haɗiya, domin abincin da ya kauce zuwa huhu yana iya kisa. A Nijeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista. Sai dai ba su da yawa, kuma sun fi taruwa a manyan birane, don haka majinyacin Babura mai buƙatar ƙwararre sai ya nufi irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Ko ya isa can, da sauran rina a kaba: da wane ma'auni za a auna shi? Fitattun gwaje-gwajen fannin, kamar na Boston wanda Goodglass da Kaplan suka fitar a 1972, an gina su ne bisa Ingilishi da rayuwar Amurka. Ɗaya daga hotunansa yana nuna yaro a kan kujera yana satar biskit, uwa na wanke-wanke, ruwan famfo na malala. Tsohuwar da ta yi shiru a gaban wannan hoto ba lalle ne kalma ta ɓace mata ba.

Abin da ya fi hoto muhimmanci shi ne tsarin harshen kansa. Tsawon wasali ne ke raba gari na zama da gari na tuwo, karin sauti ne ke raba kukan jariri da kukar miya. Lamarin ya shiga har cikin nahawu: a jimlar "ya tafi", dogon wasali mai karin sama na nuna shuɗaɗɗen lokaci, gajere mai karin ƙasa kuwa na nuna umurni ko fata. Daidaitaccen rubutu bai nuna ko ɗaya, saboda haka takardar gwajin da aka fassara ba za ta kama majinyacin da wannan bambanci ya kuɓuce masa ba. Binciken Jack Gandour kan masu magana da harshen Tailan ya nuna cewa lahanin ɓangaren hagu yana taɓa karin sautin kalmomi. Wannan na tayar da tambaya game da dabarar nan ta 1973 wadda ake sa majinyaci ya rera jimla kafin ya faɗe ta. A Ingilishi rerawa ba ta sauya ma'anar kalma, a Hausa kuwa tana iyawa, sai fa in an ɗora sautin rerawar a kan karin kalmar.

Gaisuwa ma tarko ce. Tun ƙarni na 19 Hughlings Jackson ya lura cewa maganar da baki ya saba da ita takan tsira ko da maganar da ake ƙirƙira ta rushe. Bahaushe na iya amsa "lafiya lau" da "da godiya", ya karanta Fatiha, ya ƙirga ɗaya zuwa goma, 'yan dubiya su tashi suna cewa ya warware, alhali ba zai iya neman ruwan sha ba. A ganina, a nan ne kuskure ya fi aukuwa a gidajenmu. Amma wannan tsirarriyar magana ita ce kuma matakalar farko ta atisaye, domin daga gaisuwa ake jan majinyaci zuwa sunayen 'ya'yansa.

Sai batun karin harshe. Babura na iyaka da Jamhuriyar Nijar da Jihar Katsina, kuma mai cewa "tahi" ko "hita" bai yi kuskuren furuci ba, bakin garinsu ne. Haka Bafulatanin da Fulatanci ya dawo masa kafin Hausa, dole a auna shi a harsunan biyu.

Abin da ake buƙata daga sassan Hausa na jami'o'i bai fi ƙarfinsu ba: jerin kalmomi bisa yawan amfani, tagwayen kalmomi da aka yi wa alamar kari da tsawo, hotuna na turmi da rijiya da amalanke, da muryoyin lafiyayyun masu magana daga Babura da Kazaure waɗanda za a riƙa kwatanta furucin majinyaci da su.