Tozon olonka da tsibin yashi: abin da ya kamata ku sani game da siffar mazurari

Duk wanda ya taɓa sayen gari ko masara a kasuwar Nima ya san yadda ake awo. Mai kaya za ta cika olonka, wato gwangwanin awo, har baki, sannan ta ƙara zubawa a hankali har tozo ya tashi ya yi tsini. Siffar wannan tozon ɗaya ce da ta mazurarin mai sayar da manja, da ta tsibin yashin da tifa ke juyewa a bakin gini a Maamobi, da ta robobin nan masu ruwan goro da ake jerawa a titi a Circle idan ana gyaran hanya. Masu lissafi suna ce mata kon: gindinta da'ira ne, jikinta kuma yana ta tsukewa har ya ƙare a tsini guda.

Da awo uku ake gane ta. Akwai rabin faɗi, wato daga tsakiyar gindi zuwa bakinsa. Akwai tsayi, daga tsini a sauka sak zuwa tsakiyar gindi. Sai gangare, daga tsini a bi jiki zuwa baki. Wanda ya san biyu zai iya fitar da na uku: idan rabin faɗi kamu 3 ne, tsayi kamu 4, to gangare kamu 5 ne, domin 3 sau 3 da 4 sau 4 sun tashi 25, shi ne kuma 5 sau 5.

Babbar dokarta ta shafi yawan abin da take ci. Ku samu mazurari da gwangwani masu faɗi ɗaya da tsayi ɗaya, ku toshe tsinin mazurarin, ku cika shi da yashi ku juye a gwangwanin. Sai kun yi sau uku zai cika. Ke nan tozon da ya tashi santimita 6 a kan olonka, idan aka baje shi a cikinta, zurfin santimita 2 kawai zai ci. Ido yana ganin tsayi ne, ciki kuwa sulusi ne kacal. Saboda haka olonkar da gindinta ya loɓa ciki da ɗan yatsa biyu tana iya cinye duk gyaran da aka yi muku a sama.

Wani abin da ke ruɗar ido kuma: idan mai ya kai rabin tsayin mazurari, kashi ɗaya cikin takwas kawai ya shiga, domin wajen tsini babu wuri. Haka idan tsibi ya ninka wani a faɗi da tsayi, ya fi shi sau takwas.

Wannan lissafi yana ceton kuɗin mai gini. Busasshen yashi idan an zube shi yakan tsaya da gangaren digiri 30 zuwa 35, shi ya sa tsibi ba ya ƙara tsayi sai ya ƙara faɗi. Ku zagaya gindinsa da igiya, ku raba tsawonta da 6.28, rabin faɗi ya fito. Idan mita 2 ne, tsayin tsibin kuma mita 1.2, sai a ce 2 sau 2 sau 3.14 sau 1.2, a raba uku. Amsa ita ce wajen mita 5 na cikin akwati, wato akwati biyar masu mita ɗaya ta kowane ɓangare.

Maƙerin gwangwani ya san wani sirrin. Idan aka tsaga mazurari aka shimfiɗa shi, yanki ne na da'ira, kamar faifan da aka gutsure. Shi ya sa yake yanka da'ira a farantin ƙarfe, ya cire wani yanki, ya haɗa bakin biyu. Gwargwadon girman abin da ya cire, gwargwadon tsukewar mazurarin. Yawan ƙarfen da jikin zai ci kuwa shi ne 3.14 sau rabin faɗi sau gangare.

Ilimin ya daɗe. Dokar sulusin nan tana cikin kashi na 12 na littafin Iƙilidis, wanda ya rayu a Iskandariyya ta Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Bayansa Abuloniyas ya yi nazarin layukan da ke fitowa idan an yanka kon ta fuskoki dabam-dabam. Kashi na 5 zuwa na 7 na aikinsa sun ɓace a harshen Girka, da Larabci kawai suka iso mana, albarkacin fassarar da Sabit bin Ƙurra ya yi a Bagadaza a ƙarni na 9.

Ɗalibi zai gamu da wannan siffa a jarrabawar WAEC, uwargida kuma kullum tana tare da ita a kasuwa. Idan za a auna muku, ku fara duba gindin olonka kafin ku yi murnar tozo.