Alƙalami ko Na'ura: Wanne Ya Fi Taimaka wa Ɗalibi a Jarrabawa?

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kan kwamfuta kacokan. Ɗalibin da ya fito daga karkarar Argungu ko Birnin Kebbi, mai neman gurbi a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, zai amsa tambayoyi 180 cikin awa biyu a gaban na'ura. Wannan ya sa wasu iyaye ke ganin littafi da biro sun zama tsohon yayi. Binciken masana bai goyi bayan haka ba.

A shekarar 2014 wasu masana biyu a Amurka, Pam Mueller da Daniel Oppenheimer, sun gwada ɗaliban jami'a. Sun gano cewa masu rubuta darasi a kwamfuta suna kwafe maganar malami kalma da kalma, alhali masu rubutu da hannu, saboda rashin sauri, suna tace ma'ana su rubuta da kalmominsu. Masu rubutun hannu ne suka fi cin tambayoyin da ke buƙatar fahimta. Da aka sake gwajin a 2019 da 2021, bambancin makin bai taka kara ya karya ba, amma an sake tabbatar da cewa masu kwamfuta sun fi kwafe magana. Ashe illar tana ga kwafe ba tare da tunani ba. Haka ɗalibin da ya ɗauki hoton allon aji da waya: ya adana darasi, amma bai koya ba.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu. Almajiri yakan rubuta karatunsa a allo da hannunsa, ya maimaita har ya zauna masa kafin ya wanke.

Saboda haka ana kira ga iyaye, malamai da jami'an ilimi na ƙananan hukumomi da su raba abu biyu. A aji, ɗalibi ya taƙaita darasi da kalmominsa, ya bita, sa'annan ya rufe littafi ya gwada kansa. Kafin jarrabawa kuma, a sama masa damar zama gaban kwamfuta sau da yawa, domin kada rashin sabo ya cinye masa lokaci. Na'ura ba ta bayar da amsar da babu ita a ka.